Shin Ko Kun San? Farautar Ƙananan Tsuntsayen Kurmi Da Kyamara

Shin ko kun san cewa a wajen masu ɗaukar hoton namun daji, giwa ta fi beni sauƙin kamu? Giwa idan ta fito fili ta fito ke nan, ko da wayar hannu sai a ɗauke ta. Amma ɗan tsuntsun da tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, da wuya ya yi daƙiƙa biyu a reshe ɗaya, kuma kullum rabin jikinsa yana bayan ganye. Ga lissafin: idan yana nesa da kai da mita 10, ka ɗauke shi da kyamarar waya ba tare da ka zuƙo shi ba, a hoton da faɗinsa ya kai ɗigo 4,000 shi ɗigo kusan 30 kawai zai ci. Ko da dogon gilashi mai milimita 400 a kan babbar kyamara, abin da zai cika bai wuce kashi ɗaya cikin tara na faɗin hoton ba. Shi ya sa za ka ga mutum da kayan miliyoyin naira a wuya yana rarrafe a ƙasa, yana neman ƙarin taku uku.

Shin ko kun san cewa a kurmi mai duhuwa, hasken ranar da ke isa ƙasa bai fi kashi 2 cikin 100 ba? Sauran duk ganyen sama ya tare. Nan matsalar take. Kafin kyamara ta tsayar da motsin ɗan tsuntsun da ke zaune, sai ta buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko ma ƙasa da haka. Idan tashi ya yi, sai an kai kashi ɗaya bisa 2,000. Gaggawa irin wannan haske take so, kurmi kuwa rowar haske gare shi. Ka sassauta gudun, hoto ya fito dishi-dishi. Ka ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, ya fito da yashi-yashi. Masu sana'ar sun daɗe da yanke hukunci: gara yashin da dishin, domin kwamfuta tana iya rage yashi, amma tsuntsun da ya motsa ya motsa.

Ko kun san ba laifinku ba ne idan tsuntsu ya riga yatsanku? A 2016 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gwada idon wasu ƙananan tsuntsaye da fitila mai ƙyaftawa. Idon ɗan Adam, da zarar ƙyaftawar ta kai wajen sau 60 a daƙiƙa, sai ya ga kamar wutar a tsaye take. A cikin tsuntsayen nan an sami wanda yake bambancewa har sama da sau 140. Ɗaya daga cikin nau'o'in da aka gwada, ɗan baƙi-da-fari ne mai cafke ƙwari a iska, kuma baƙonmu ne: a Turai yake ƙyanƙyasa, a Afirka ta Yamma yake cin rani, har da Nijeriya. Ɗaga hannun da kake ganin ka yi cikin sauri, shi a hankali ya gan shi, ya yi shawara, ya ƙara gaba.

Shin ko kun san cewa akwai kyamarar da ke ɗaukar hoto kafin a danna ta? Ba siddabaru ba ne. Kamfanin Olympus ya sa dabarar a wata kyamararsa a 2016: muddin yatsa na kan maɓalli, kyamara tana ta ɗauka tana zubarwa a ɓoye, idan ka danna sai ta ajiye har da na ɗan lokacin da ya gabata. Tsakanin ganin abu da motsa yatsa, mutum kan ɓata kusan rubu'in daƙiƙa, kuma a wannan ɗan tsakanin ne reshe ke zama wayam. Daga 2020 kuma kyamarori irin su Canon R5 suka fara gane idon tsuntsu da kansu su bi shi. A fili abin yana aiki kamar me. A cikin sarƙaƙiya kuwa har gobe sukan bar tsuntsun su kama tsinken da ke gabansa, ka koma gida da kyakkyawan hoton ƙaya.

Shin ko kun san cewa littafin halittu na farko da aka ƙawata shi kacokan da hotunan kyamara, kan sheƙar tsuntsaye aka yi shi? 'Yan'uwa biyu ne daga yankin Yokshaya na Ingila, Richard da Cherry Kearton, suka fitar da shi a 1895, shekara uku bayan sun ɗauki hotonsu na farko na sheƙa da ƙwai a ciki. Kyamarar zamaninsu akwati ce ta katako, ba ta zuƙowa, don haka dole mutum ya je dab da tsuntsu. Sai suka shiga ƙirƙira. Suka yi kututturen ƙarya, suka yi dutsen ƙarya, suka yi tunkiyar ƙarya da kyamara a cikinta. Wanda ya fi suna shi ne sa: fatar sa ce aka ɗinke a kan firam, cikin babu komai, mutum ya shige ya duƙa, idon kyamara yana leƙe ta wata ƙofa a ƙirji. Wata rana ɗayansu ya daɗe a duƙe har jiri ya ɗebe shi, san ya kife, ƙafafu shida a sama. Ɗan'uwan nasa da ya iso, sai da ya ɗauki hoto tukuna ya cece shi. Maharbanmu ba za su yi mamakin dabarar ba, tunda tun kaka da kakanni suke ɗaura kan burtu a goshi su duƙa, su yi ta kiwon ƙarya har su cim ma barewa.

Kun san kuwa sana'ar tana da haɗari? A 1937 wata mujiya mai gadin 'ya'yanta ta kai wa Eric Hosking, matashin mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, farmaki a fuska, ya rasa idonsa na hagu yana ɗan shekara 27. Yana fitowa daga asibiti ya koma maɓoyarsa ya ci gaba da ɗaukar mujiyoyin. Da ido ɗaya ya zama mafi shahara a fagen a zamaninsa.

Shin ko kun san cewa Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma fiye da 300 daga ciki an gan su a wani ɗan gandun daji da bai wuce hekta 300 ba? Amurum ke nan, kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Abin da ya tara masa tsuntsaye shi ne iri uku na muhalli a wuri guda: duwatsu, da daji mai gajerun itatuwa, da kurmin da ke bin kwazazzabai. A nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Tun 2002 take horar da ɗalibai daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Duk mai son koyon kallon tsuntsu a Arewa, can ya kamata ya fara dosa.

To ga labarin da ya fi burge ni. Shin ko kun san akwai tsuntsun da waƙar wani tsuntsu ce ta tona asirinsa? A cikin dangin zalaidu akwai wasu ƙanana, mazansu baƙaƙe wul masu sheƙi, waɗanda ba sa saƙa sheƙa. Macen takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar beni, beni ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya rena. Kowane nau'i na waɗannan 'yan cin amana yana da nau'in benin da yake bi, kuma ɗan da ya fito, zanen da ke cikin bakinsa ya yi daidai da na 'ya'yan masu gida, saboda haka iyayen riƙo ba sa bambancewa wajen ciyarwa. Ba ya kashe 'ya'yan gidan, tare suke tashi. Idan namiji ne, sai ya haddace waƙar uban riƙonsa, ya girma yana rera ta. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya shafe shekaru yana bin waƙoƙin nan. A tudun Jos ya sami nau'in da waƙarsa ba ta yi daidai da ta benin da ake zaton shi ke renonsa ba. Da aka bi sawu sai ga mai waƙar a cikin duwatsu: beni mai jan baya, bakinsa shuɗi-shuɗi mai ruwan toka. A 1998 aka shigar da shi littafin kimiyya a matsayin sabon nau'i, da sunan Lagonosticta sanguinodorsalis. Daga baya an same shi har a duwatsun Mandara, kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Ku duba fa, 1998, jiya-jiya, kuma a bayan garin Jos.

Darasin da mai kyamara zai ɗauka a nan: baƙaƙen tsuntsayen can sun yi kama da juna ƙwarai, har ƙwararru ba sa yarda da hoto kaɗai wajen raba su. Sai an haɗa da murya. Saboda haka idan ka ɗauki hoto, ka danna rikodar wayarka ta ɗauki kukan, ko na rabin minti ne.

Ko kun san cewa a kurmi kunne ya fi ido aiki? Mafi yawan tsuntsayen da masu ƙidaya ke rubutawa a daji mai duhu, jin su suka yi, ba su gan su ba. Akwai wani ɗan dangin suda, cikinsa ja zur, bayansa baƙi, kansa da hula ruwan ɗorawa. Da wannan ado sai ka ce ba zai ɓoyu ba, amma yana iya wuni a cikin kurmin da ke bayan gidanka ba ka sa shi a ido ba. Kukansa da kake ji kamar na tsuntsu ɗaya, na biyu ne: namiji ya yi fito, mace ta amsa da ƙaras-ƙaras a daidai gaɓar, ba tazara. Wanda ya san haka, ya san biyu yake nema, kuma ba su yi nisa da juna ba.

Wani abin kuma: idan shaho ya gifta, ƙananan tsuntsaye da yawa sukan yi wani siririn kuka mai tsini. Siffar sautin ce ta sa kunne ba ya iya gane inda ya fito. 'Yan'uwa sun ji gargaɗi, maƙiyi bai san mai yi ba. Idan ka ji shi, daji zai yi tsit na ɗan lokaci. Kada ka tashi, za su dawo.

Shin ko kun san cewa bin tsuntsu shi ne hanya mafi sauri ta rasa shi? Tsofaffin hannu ba sa bi, abincinsa suke nema su zauna. Ɓaure ko cediya ko gamji da ya nuna, kasuwa ce mai ci tun asuba. Minjirya idan ta yi jan furenta da rani, haka. Sai kuma kauci, wannan da ke tsirowa a jikin wasu itatuwa. Ku matsa kusa ku kalli furensa: dogo ne siriri, a rufe ruf, kansa kamar na ashana. Sha-kauci ya zo, ya sa bakinsa mai lanƙwasa ya taɓa, furen ya tsage nan take ya watsa masa garin haihuwa a goshi, shi ya sha zaƙi ya kai garin ga fure na gaba. Idan 'ya'yan suka nuna, wani ɗan tsuntsu mai ɗigon rawaya a goshi, wanda kukansa ke tafiya ƙwal, ƙwal, ƙwal ba ƙaƙƙautawa da tsakar rana, shi ke haɗiye su, ya fitar da ƙwallon mai yauƙi ya goge a reshe, sabon kauci ya tsiro. Mai haƙurin zama gindin itace ɗaya zai ga wannan duka. Kuma sha-kauci yana da ɗabi'ar komawa tsinken da ya saba sauka. Ka saita kyamara a kan tsinken, ka jira.

Da rani kuwa ruwa ne sarki. Ɗan kududdufin da ya rage a gindin dutse a watan Maris ya fi tafiyar kilomita biyar albarka. Zauna rana tana bayanka, ka sauko daidai tsayin tsuntsun, ka sa tufafi marasa haske, farar riga dai a bar ta a gida. Ido ake nema: idan idon ya fito tangaran da ɗan ƙyallin haske a ciki, ko wutsiya ta ɓace a ganye hoto ya yi.

Ko kun san cewa a daji sai ka yi awa guda ba ka ga komai ba, sa'an nan cikin minti biyar nau'i goma su wuce ka? Ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari sukan haɗa ayari, nau'i daban-daban, su riƙa ratsa daji tare. Idanu sun yi yawa, shaho ba ya samun sa'a, kuma ƙwarin da wani ya tayar wani ke cafkewa. Idan ka ji hayaniyarsu tana matsowa, kada ka nufe su. Duba inda suka dosa, ka riga su, ka tsaya cik.

Shin ko kun san cewa ƙananan tsuntsaye sukan yi wa mujiya taron dangi? Akwai wata 'yar ƙaramar mujiya mai ɗige-ɗigen fari, tana fita har da rana, a ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu masu kama da idanu. Da zarar ta yi kuka, sai ƙanana su taru a kanta suna tsiwa har sai ta bar wurin. Masu yi wa baƙi jagora sun san haka, sukan kwaikwayi fitonta da baki, nan da nan itace ya cika. Yanzu kuma waya ta sauƙaƙa abin, kowa na iya kunna kukan kowane tsuntsu. A nan ni ba na goyon baya. Namijin da ya ji kukan kishiya a yankinsa yakan bar ci, ya bar gadin sheƙa, ya zo faɗa da abokin gāban da babu shi. A yi masa haka sau ɗaya da sauƙi, amma wurin da baƙi ke zuwa kullum, kowa da lasifikarsa, zalunci ne. Gandayen daji da yawa a duniya sun hana. A Birtaniya ma, ƙarƙashin dokar 1981, akwai jerin tsuntsayen da sai da lasisi ake zuwa ɗaukar hotonsu a sheƙa. Wanda ya karya ganyen da ya rufe sheƙa don hotonsa ya fito fes, ya buɗe wa rana da maciji da hankaka ƙofa ne.

Kun san hotonku yana iya kai mai tarko har gindin itacen? Wayoyi da kyamarori da yawa suna liƙa wa hoto bayanin ainihin inda aka ɗauke shi. Saboda masu tarko ne rumbun eBird na Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya fara a 2002, yake ɓoye wuraren da aka ga tsuntsayen da 'yan kasuwa ke farauta. Aku mai jan wutsiya yana cikin waɗanda kamu ya yi wa illa, har a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa.

Shin ko kun san cewa wasu daga cikin 'yan tsuntsayen da kuke gani a kan gawo da bagaruwa lokacin hunturu, Sahara suka ƙetaro? Akwai wani ɗan kore-kore mai farar gira, nauyinsa giram 8 zuwa 10, daga arewacin Turai yake zuwa. 'Yan'uwansa na gabashin Saiberiya sukan yi tafiyar da ta haura kilomita 12,000 kafin su isa gabashi da kudancin Afirka. Idan kun ɗauki hoton baƙo irin wannan, ku zuƙo ƙafarsa ku duba. Wani lokaci akan ga ɗan zoben ƙarfe da masu bincike suka sa masa, ɗauke da lamba da sunan ƙasar da aka sa shi. Hunturun kansa yana da nasa sharri: hazo yana cinye launi, ƙura kuma tana shiga kyamara. Kada ku sauya gilashi a fili, kada ku goge shi da gefen riga, yashi ne zai karce shi.

Ko kun san mai waya ma yana da rabo? A 1999 wani mai kallon tsuntsaye a Malesiya, Laurence Poh, ya yaɗa dabarar ɗora ƙaramar kyamara a bakin madubin hangen nesa. Yau da waya ake yi: a haɗa idon wayar da idon madubin, a jingina gwiwar hannu a kan dutse ko reshe, a riƙe numfashi, a danna. Ba hoton gasa zai ba ka ba, amma zai nuna ko wane tsuntsu ne.

Kuma sau da yawa abin da ake bukata ke nan. Shin ko kun san akwai tsuntsun da ya ɓace wa masana sama da shekara 170, hoton mutanen ƙauye ya dawo da shi? A tsibirin Borniyo ne, ɓangaren Indonesiya. Tun wajejen 1840 da wani abu aka kama guda ɗaya, aka busar, aka kai gidan adana kayan tarihi a Holan, ba a sake ganin irinsa ba. A watan Oktoba na 2020 wasu mutum biyu masu shiga daji neman abin masarufi a Kalimantan ta Kudu suka ci karo da wani ɗan tsuntsu mai baƙar gira da ba su gane ba. Suka kama shi, suka ɗauki hotonsa, suka sake shi, suka tura wa ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta yankinsu. Shi ne. Har hoton ya gyara wani kuskure: wanda ya cusa busasshen na gidan tarihi idon gilashi mai ruwan rawaya ya sa masa, littattafai suka yi ta zana shi haka, alhali idon mai rai ja ne mai duhu.

Mu ma muna da irinsa. Akwai wani baƙi-da-ja ɗan dangin gado da wani masani, John Elgood, ya bayyana a 1958, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Nijeriya, a kewayen Ibadan, kuma sare kurmi ya sa yana cikin haɗarin ƙarewa. Duk hoton da aka samu nasa, da rana da wuri, shaida ce mai daraja.

Wata magana da ba za a tsallake ba: ba kowane daji ake shiga yanzu ba. Dazuzzuka da dama a Arewa maso Yamma, irin na yankin Birnin Gwari, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma dogon gilashin kyamara daga nesa yana iya kama da abin da ba shi ba. Ku nemi izinin mai unguwa ko ma'aikatan gandun daji, ku tafi da ɗan gari, kada ku nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro. Lambun makaranta, bakin rafi, gonar mangwaro da tsohuwar kuka a bayan gari duk suna da tsuntsayen da za su ishe mai koyo shekara guda.

Shin ko kun san cewa ana zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma ba sai mai digiri ke sa hannu ba? Cibiyar APLORI ce ke jagorantar aikin tun 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi, masu sa kai suna shiga su rubuta abin da suka gani da abin da suka ji ta manhajar waya, kuma akwai rukunin matasan Arewa a cikinsu. Don haka, masu karatu, wanda ya ɗauki hoton tsuntsun da bai gane ba, kada ya goge shi don ya fito dishi-dishi. Ya rubuta ranar da sunan wurin, ya nemi ƙungiyar masu kallon tsuntsaye mafi kusa da shi ya tura musu.